Takarda sai da takarda

Daren Juma'ar da ta wuce wani musu ya ɓarke a gurup ɗinmu na dangi a WhatsApp, har yau bai sakeni ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuta ko zai sauka daga kaina. Taubashina ne ya tada shi, ɗan kawuna da yake Amurka shekara goma sha wani abu yana jan tirela a jihar Indiyana. Ya turo saƙon murya yana cewa wai su can rigima ake ta yi kan ko ya dace a ce sai mutum ya nuna kati mai hoto kafin ya jefa ƙuri'a, har kotu ake zuwa, har zanga-zanga ake yi. Kafin ya rufe baki Yaya na Yawunde ya amsa masa da dariya, yace to Ba'amurke, mu nan Kamaru ko garin Pitowa za ka je cin kasuwar Lahadi ana iya tare ka a hanya a ce kawo kati, wa ya taɓa kai ƙara? Kowa ya zuba dariya a gurup, ni ma na zuba. Na ma ƙara da cewa ƙoshi ne ke damun su, sai wanda ya ci ya ƙoshi yake neman abin musu da tsakar dare.

Washegari da safe Goggo ta zo shagona.

Ga wanda bai sanni ba, ɗan ƙaramin shago nake da shi a nan Garwa ta arewacin Kamaru, ba nisa da babbar kasuwa, fotokopi nake yi da buga takardu a kwamfuta da sa musu leda, kuma tun da aka koma fara rajistar katin ɗan ƙasa ta intanet a 2025 wannan ya zama rabin cinikina, domin mai turin kura ko mai sayar da goro ina shi ina cike fom a waya da Faransanci. Saboda haka takardun mutane ta hannuna suke bi. Na ga akt, wato takardar haihuwa, da gara ta cinye sunan uba ta bar na uwa, na ga wanda aka naɗe a leda uku aka ɓoye a ƙasan kwalla, na ga resefise, takardar wucin gadi da ake riƙewa kafin katin ɗan ƙasa ya fito, da aka buga wa hatimin ƙarin wa'adi har babu sauran wurin bugawa, hoton da ke jiki ya koɗe mutum ya zama kaman aljani. Duk da haka ban taɓa haɗa wannan da zancen zaɓe ba sai ranar.

Goggo ƙanwar babana ce. A unguwar Hausare ta nan Garwa aka haife ta, nan aka binne ubanta da kakanta, tsohon katinta kuma abin da aka rubuta wajen ranar haihuwa shine "née vers 1958", wato an haife ta wajajen 1958, kaman yadda yake a katin yawancin tsofaffinmu. Aure ya kai ta wani ƙauye a bakin Binuwai, ambaliyar 2012 ta shigo musu da dare ta tafi da ɗakin da akwatin da duk wata takarda da ke ciki. Tun lokacin haka take zaune. Abin da ya kawo ta wurina ba siyasa ba ce, ɗanta da ke Duwala ne yake turo mata kuɗi ta waya, layin kuma da sunan wata maƙwabciya aka yi rajistarsa, maƙwabciyar ta tashi daga unguwa, yanzu in an manta lambar sirri ko waya ta ɓata shikenan kuɗi sun maƙale. Tace ɗan nan ka yi min katin nan naku na kwana biyu da ake faɗa. Ina cikin tambayarta me da me take da shi sai maganar daren jiya ta faɗo min, nace Goggo wai yaushe rabonki da zaɓe? Ta dube ni kaman na tambaye ta yaushe rabonta da hawa jirgin sama. Tace zaɓe kuma? Ai wannan na masu takarda ne.

Ba cikin fushi ta faɗa ba, ba kuma ƙorafi take ba. Kaman dai mutum yace azumi na masu lafiya ne. Shine abin da ya tsaya min a rai.

Bari in jero muku igiyar yadda take, don wanda aka haifa a asibiti aka kai sunansa meri, wato ofishin magajin gari, tun yana cikin tsumma bai san ta ba. A Kamaru sai ka kai shekara 20 kake zaɓe. Kafin ka yi zaɓe sai sunanka yana cikin rajistar ELECAM, hukumar zaɓe, rajistar kyauta ce, kowace shekara ana buɗe ta daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta, har kasuwa da bakin titi suke kawo akwatunansu, wannan kam ba a ce ba su yi ƙoƙari ba. Amma abu na farko da za su tambaye ka shine katin ɗan ƙasa ko resefise ɗinsa. Katin ɗan ƙasa kuma sai da akt na haihuwa da takardar shaidar zama ɗan ƙasa wadda ake karɓowa a kotu. Ita ma takardar shaidar sai da akt. Akt ɗin kuma, dokar 2011 kwana 90 ta bayar a kai sunan jariri, in lokaci ya ja da yawa to sai dai hukuncin alƙali, wanda muke ce wa jujman. Shi jujman ɗin sai ka je meri an duba an ba ka takardar cewa ba a ga kututturen rajistarka, wato asalin da ke cikin littafinsu, ba, sai likita ya dube ka ya ƙiyasta shekarunka ya rubuta, sai ka kawo shaidu, sai tambur, wato kan sarki na haraji, nan da can, sai ka jira ranar zaman kotu. Kowace takarda tana da uwa, uwar ma tana da uwa. In aka rasa ta farkon to duk jikokin sun zama marayu.

Sabon katin jaka goma ne, sefa 10,000, alhali na da tambur ɗinsa 2,800 ne. Gaskiya a faɗe ta, an ce shekara 15 zai yi maimakon 10, an kuma yi alkawarin awa 48, kuma na ga waɗanda takardunsu suke cif suka samu nasu da wuri, wanda ya tuna zamanin da matasa suka cika Facebook da kukan "Je veux ma CNI", wato ina son katina na ɗan ƙasa, saboda mutum ya shekara biyu uku yana yawo da resefise ya san an samu sauyi. Amma awa 48 ɗin nan daga ranar da ka kammala takardu take fara ƙirguwa. Goggo ba ta ma kai bakin layin ba. Ƙosai da kunu take sayarwa da safe, ku lissafa min ƙosai nawa ne jaka goma, ku ɗora kuɗin moto, wato babur, zuwa da dawowa sau biyar sau shida, ku ɗora ranakun da ba za ta dafa ba saboda tana zaune a benci tana jiran a kira sunanta.

Sai kuma masifar suna, wadda inaga mu Hausawa da Fulani ta fi ci. Sunan da liman ya raɗa guda ɗaya ne, amma hannun da ya rubuta shi da haruffan Faransanci kowa da yadda kunnensa ya ji. Hadiza ta zama Adidja a akt, Hadidjatou a takardar lakkol, wato makaranta, Adiza a tsohon kati. Usman ya zama Ousmanou a nan, Oussoumanou a can. Muhammadu kam kada ma a fara, na ƙirga masa rubutu ya fi biyar a shagona. Da can da hannu ake yi ba wanda ya damu, yanzu kwamfuta ce, ita kuma ba ta san maƙwabtaka ba, harafi ɗaya ya bambanta sai tace mutum biyu ne. Ga kuma waɗanda suka yanke shekaru don shiga jarrabawa ko neman aiki, abin da ake tsokana da shi a ce shekarun Kumba, sunan wani gari a Kamaru, yatsa ɗaya ya fito da ranar haihuwa biyu, dosiye, wato fayil ɗin mutum, ya maƙale shekara da shekaru. Waɗannan kam wasu da hannunsu suka jawo, amma da yawa iyaye ne ko wani malamin makaranta ya yanke musu suna yara ba su ma san an yi ba.

Akwai wata kuma da ba a cika son faɗa a fili ba. Ni kaina a wani ofishi, ba zan faɗi wanne ba, wani ya juya takarduna ya dubi sunana ya dubi hulata yace ka tabbata kai ba ɗan Najeriya ba ne? Na ce masa kabarin kakana yana nan cikin garin nan in yana so in raka shi. Ya yi dariya ya sa hannu, amma da ban iya Faransanci ba fa? Garwa da Yola kogi ɗaya suke sha, ƙasar Modibbo Adama ce duka kafin Turawa su ja layi, a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama su Mubi suka tafi Najeriya, kowane gida a unguwarmu yana da dangi a ƙetare. Wannan ba laifi ba ne, tarihi ne. Sai dai in ka zo ba akt kuma sunanka irin namu ne, to zargin yana riga ka shiga ofis.

To da daddare na kira Ba'amurke, nace taubashi na janye maganar ƙoshi, zauna ka yi min bayani. Yace ai dama Malam Fotokopi bakinka ya fi kanka sauri. Abin da ya fara ba ni mamaki shine su can ba su da katin ɗan ƙasa guda ɗaya irin namu kwata-kwata. Lasin tuƙi shine katin yawancin mutane, kuma kowace jiha da dokarta ta zaɓe, sama da jihohi 30 suna neman wata shaida a rumfar zaɓe, wasu da tsanani wasu da sauƙi, wasu kuma sunanka da sa hannunka sun isa. Wanda bai da mota, tsoho, talakan cikin birni, ɗalibi, zai iya rayuwa shekaru bai riƙe kati mai hoto ba. Jihar da yake zaune, Indiyana, ita ta kafa doka mai tsanani a 2005, aka kai ta har kotun ƙoli, a 2008 alƙalai 6 suka ce ta halatta 3 suka ƙi. Hujjar masu rinjaye har da cewa ai jiha tana ba da katin kyauta. Masu ja kuma suka ce kyauta a ina, tunda sai ka kawo takardar haihuwa, ita kuma da kuɗi ake cirowa, wani ma a wata jiha mai nisa aka haife shi. Nace tsaya taubashi, wannan ai labarin Goggo kake ba ni da Turanci.

Kwanaki kaɗan bayan wannan hukunci, a zaɓen fidda gwani na watan Mayun 2008 a garin South Bend, aka mayar da wasu tsofaffin mata masu hidimar cocin Katolika, irin waɗanda muke ce wa masera, su wajen 12, 'yan shekara tamanin da casa'in, saboda ba su da kati mai hoto da ke aiki. Wadda ta mayar da su kuwa 'yar'uwarsu ce masera da ke aikin rumfar, gida ɗaya suke kwana suke tashi. Ta san su sarai, doka ce ba ta san su ba. Wannan labarin ya fi duk wata ƙididdiga shiga raina, don haka yake a nan, jauro, wato mai unguwa, ya san Goggo, liman ya san ta, duk yaran unguwa ƙosanta suka ci suka girma, amma a takarda babu ita.

Kuma zafin da baƙaƙen fatar Amurka suke ɗauka kan maganar ba daga sama ya faɗo ba. Kakanninsu a jihohin kudu an hana su zaɓe da dabaru da ba su ambaci launin fata ba ko sau ɗaya: biya harajin ƙuri'a, karanta wannan shafin ka fassara. Sai a 1964 aka gyara tsarin mulki aka hana harajin a zaɓen tarayya, a 1965 aka yi dokar kare haƙƙin zaɓe. Tsofaffinsu da yawa a gida ungozoma ta karɓi haihuwarsu ba a rubuta ba, kaman namu. Wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Wani lokacin kuma ba tsumman ba ne, macijin ne da gaske. Dokar da jihar Texas ta yi a 2011 ta yarda da lasin riƙe bindiga a matsayin shaida amma ba ta yarda da katin ɗalibi ba, ku auna wa ke riƙe da wanne. A 2016 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar Karolina ta Arewa, tace an auna baƙaƙen fata da ita daidai wa daida kaman likita mai fiɗa. A Afrilun 2025 kuma majalisar wakilansu ta amince da wani ƙudiri da ake kira SAVE, mai cewa sai ka kawo takardar da ke nuna kai ɗan ƙasa ne kafin a yi maka rajista, nan take aka fara tambaya to matan da suka ɗauki sunan miji fa, sunan da ke takardar haihuwarsu daban na kati daban? Su ma ashe suna da nasu Adidja da Hadidjatou.

Amma kada in yi rashin adalci, ɗaya ɓangaren ma ba mahaukata ba ne. In aka tambayi Amurkawa, kusan 8 cikin 10 suna goyon bayan a nuna kati, kuma ba 'yan jam'iyya ɗaya ba ne kawai. Taubashina ma yana cikinsu, yace shi da sai ya nuna kati kafin ya karɓi kaya a kamfani, me zai hana ya nuna a inda ake zaɓen shugaban ƙasa. Abin dariyar shine bincike bai faranta wa kowane ɓangare ba. Wani malamin shari'a, Justin Levitt, ya bi diddigin zaɓuɓɓuka daga 2000 zuwa 2014, ƙuri'u sama da biliyan 1, ya samo lamura 31 kacal da za a iya cewa wani ya zo ya yi zaɓe da sunan wani. Wato ɓarawon da aka gina wa katangar kusan babu shi. Sannan wasu masana biyu, Cantoni da Pons, suka duba 2008 zuwa 2018 suka ga dokokin masu tsanani ba su rage fitowar masu zaɓe yadda ake tsoro ba, ba su kuma rage maguɗi ba. Kowa ya ɗauki rabin da ya masa daɗi ya tafi da shi rediyo.

Ingila ma ta shiga layi, dokar 2022, aka fara aiki da ita a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2023. Shekara ɗaya bayan nan Boris Johnson, wanda gwamnatinsa ce ta kawo dokar, ya je rumfa ya manta katinsa aka mayar da shi sai da ya koma ya ɗauko. Na yi dariya har da hawaye. Sai dai shi mantuwa ya yi, yana da inda zai koma ya ɗauko.

To ni ina na tsaya? Wallahi ina goyon bayan kati. Ba zan zauna a Garwa in ce a bar kowa ya shigo rumfa yace ni ne wane a miƙa masa ambulan ba. Duk wanda ya girma a nan ya ji labaran da ake bayarwa na zamanin rajistar hannu, matattu da ba sa fashin zaɓe, mutum ɗaya da kati huɗu a aljihu, shi yasa da aka kawo rajista mai ɗaukar yatsa da hoto a 2012 mutane da yawa suka yi murna. Maƙwabtanmu na Najeriya ma hanyar da suka bi kenan, na'urar karanta kati a 2015, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS a 2023, ko da yake na'ura ba ta hana rigima ba a can ko a nan. Kati bai isa ya sa zaɓe ya zama na gaskiya ba, don abin da ake yi wa ƙuri'a bayan an rufe rumfa ba ruwansa da katin kowa, amma rashinsa ƙofa ce a buɗe.

Inda na rabu da Yaya na Yawunde shine nan: wanda yace sai da kati, to bashin katin yana wuyansa. A 2005 wani kwamiti a Amurka ƙarƙashin tsohon shugaba Jimmy Carter da James Baker ya ba da shawarar a nemi kati mai hoto, amma a haɗe da cewa hukuma ta bi mutane har inda suke ta ba su kyauta. Magana ce mai ƙafa biyu, 'yan siyasa suka cire ɗaya suka ce ta yi gudu. Su can aƙalla suna faɗa a kan ƙafar da aka cire. Mu a nan mun saba da ɗingishi har mun ɗauka haka tafiya take, har muna yi wa masu faɗan dariya.

Su wanda aka mayar daga rumfa ana ganinsa, ɗan jarida ya ɗauki hotonsa, lauya ya kai ƙara. Namu ba ya zuwa rumfar ma balle a mayar da shi. An tace shi tun shekara ashirin ko sittin da suka wuce, ranar da aka haife shi a ɗaki ba wanda ya je meri. A zaɓen 2018 mutum wajen miliyan 6.6 ne a rajista, a na 12 ga Oktoban 2025 wajen miliyan 8, a ƙasar da ta doshi mutum miliyan 30. Na sani fiye da rabinmu yara ne da ba su kai 20 ba, na kuma sani akwai masu kati a aljihu da suka ce ba za su ɓata lokacinsu ba, wannan ra'ayinsu ne. Amma in an zo lissafi sai a zuba su Goggo cikin buhu ɗaya da waɗannan a ce 'yan arewa ba su damu ba. Ku je Mora can arewa mai nisa ku tambayi waɗanda suka gudo daga Kolofata da Amshide da tsakar dare saboda Boko Haram ko waye ya tsaya neman akt, ku je Yagwa ku tambayi waɗanda ruwan 2024 ya ci gidajensu. Wuta da ruwa ba sa barin takarda, kuma yankunan da suka fi shan su sune dama suka fi ƙarancinta.

Laifi tudu ne, bari in taka nawa. 'Yata ta fari sai da ta kusa shiga lakkol na yi mata akt, ni da nake kwana cikin takardu. Ranar suna mun yanka rago, mun raba goro da dabino, wanzami ya zo, maroƙi ya faɗi sunan har layi na uku ya ji, mutum ya fi ɗari suka shaida, amma ba wanda ya tuna da wani ofishi, ni kuma nace gobe, goben ta zama shekara huɗu da zaman kotu. Haka iyaye maza da yawa muke. Sai yaro ya kai aji shida za a rubuta sunayen masu jarrabawar CEP ta kammala firamare a ce kawo akt, sannan uba ya fara zufa, wasu yaran daga nan karatun ya tsaya, 'ya mace kuwa sai a ce dama aure za ta yi. Yarinyar da ba ta zauna CEP ba saboda akt ita ce matar da ba za ta yi zaɓe ba, ba za ta yi layin waya da sunanta ba, in ta hau mota zuwa Ngaundere gabanta na faɗuwa a kowane shinge.

Abin da na kasa ganewa shine, masu allurar shan inna suna shiga kowane gida, har rugar da mota ba ta zuwa, su ɗiga wa yaro su shafa masa tawada a yatsa su yi rubutu da alli a bango. Ashe in ana so a iske mutum ana iske shi. Zamanin haraji ma kakanninmu sun ce ba wanda ya taɓa ɓacewa hukuma. Liman da jauro ba sunan da ake raɗawa ba su sani ba, me zai hana littafin ya fara daga hannunsu? Akwai zaman kotu na tafi-da-gidanka da ake kaiwa ƙauyuka a yi wa ɗaruruwan yara jujman a rana ɗaya, abu ne mai kyau ƙwarai, amma sai ka ga ya fi yawa in jarrabawa ta matso, ko wata ƙungiya ta kawo kuɗi, ko kuma zaɓe ya ƙarato wani mai neman kujera ya ɗauki nauyi. Wannan na ƙarshen ni ba ya min daɗi ko kaɗan. Takardar da haƙƙinka ce in ta zo maka a matsayin kyautar Alhaji wane, to ranar zaɓe da kunyarsa za ka shiga rumfa.

Mun fara bin igiyar Goggo ranar Litinin. Na rufe shago da safe na goya ta a moto, tana ta yi min faɗa wai ina gudu. An duba ba a ga kututturen ba, littattafan shekarun nan wasu sun ruɓe wasu ba a san inda suka shiga ba, don haka sai kotu. Taubashi ya turo jaka hamsin yace a yi mata komai, ya ƙara da cewa in an gama a turo masa hoton katin ya sa a gurup don Yaya ya gani. Da na faɗa wa Goggo tace Allah ya yi masa albarka, amma ka gaya masa kuɗin waya nake nema, zaɓen in Allah ya kai mu sai in ga ko akwai wanda ya cancanci in bar kaskona a kansa.

Saura shaidu biyu da suka girme ta. Na farko mun samu, wata tsohuwa ce ƙawar babarta. Na biyu Baba mai goro na bakin masallaci, yace ya tuna haihuwarta sarai, shekarar da Ahijo ya zama firaminista ce, shi ya ma riƙe ragon sunan. Na ji daɗi nace Baba kawo katinka in yi fotokopi. Ya laluba aljihun babbar riga ya zaro shi a cikin leda, na duba baya, wa'adinsa ya ƙare tun 2019.